Kafin ki sayar da filin gado saboda digirin waje

Assalamu alaikum Yaya. Ni matar aure ce a Kano, shekaruna 33, 'ya'yana biyu. Na karanta ilimin zamantakewa a jami'a, na yi shekara bakwai ina aikin sa ido da tantance ayyuka a wata ƙungiyar agaji da ke tallafa wa mata manoma. Da Amurka ta dakatar da kuɗin USAID a farkon 2025 aikinmu ya tsaya, aka sallame mu. Tun daga nan hankalina ya karkata ga masu zuba jari mai tasiri, waɗanda ke sa kuɗi a kamfanonin noma da sola da lafiya don a ci riba kuma talaka ya amfana. Amma duk wanda na duba tarihinsa a LinkedIn sai in ga banki, ko kamfanin ba da shawarar kasuwanci na McKinsey, ko jami'ar Harvard. Na nemi aiki wurare da dama, ko amsa babu. Ina da filin da na gada daga mahaifinmu, ina tunanin in sayar in tafi Ingila in yi digiri na biyu a fannin kuɗi. Maigidana ya ce shawara tana hannuna, Hajiyarmu ta ce ba da yawunta ba. Sannan zuciyata ba ta kwanta da maganar kuɗin ruwa ba. Ya zan yi?

Ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya musanya miki aikin da kika rasa da mafi alheri.

Kada ki sayar da filin, aƙalla ba bana ba. Hajiya ta faɗi daidai, ko da dalilinta daban ne da nawa. Ita tana kallon abin da mahaifinku ya bari, ni kuma ina kallon abin da kuɗin filin zai sayo miki, kuma a ganina ba shi ne abin da kika rasa ba.

Abin da kika gani a LinkedIn gaskiya ne, ba idonki ne ya yaudare ki ba. Jacqueline Novogratz da ta kafa Acumen, asusun zuba jari mai tasiri, a 2001 ta fara ne a bankin Chase Manhattan tana tantance basussuka, ta bar shi ta je Ruwanda ta taimaka aka kafa wata cibiyar ba mata ƙananan rance, sannan ta yi MBA, digiri na biyu a harkar kasuwanci, a Stanford. Sir Ronald Cohen na Ingila sai da ya shekara talatin yana juya jarin attajirai a kamfanin Apax kafin ya shiga kafa asusun jari mai tasiri na Bridges a 2002. A nan gida ma haka zancen yake. Tokunboh Ishmael, wadda asusunsu na Alitheia IDF ya tara dala miliyan 100 a 2021 don kamfanonin da mata ke jagoranta ko suke amfana da su, ta yi aiki a bankin Salomon Smith Barney da kamfanin jari na Aureos. Adesuwa Okunbo Rhodes ta fito daga bankin J.P. Morgan a Landan kafin ta kafa Aruwa Capital a 2019. Ndidi da Mezuo Nwuneli, mata da mijin da suka kafa Sahel Capital, su biyun sun yi Harvard. Kola Masha na Babban Gona da ke aiki da manoman Kaduna da Kano, MIT da Harvard ya yi.

To amma ki sake duba jerin da kyau. Duk waɗannan masu kafa asusu ne ko kamfani. Babban aikinsu shi ne su zauna gaban manyan bankunan raya ƙasashe irin su IFC da KfW na Jamus da BII na Ingila su ce a ba su amanar miliyoyin daloli na shekara goma. A wannan zama sunan makaranta yana buɗe ƙofa, babu musu. Ke ba wannan kujerar kike nema ba yanzu. Kuma ko a cikinsu, abin da ya haɗa su ba makaranta ɗaya ba ce, Adesuwa a Jami'ar Bristol ta karanta tattalin arziki. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya yi shekaru yana riƙe kuɗin wasu, ana tambayarsa ina suka shiga, yaushe za su dawo.

Akwai waɗanda suka biyo ta wata hanya. Wiebe Boer, haifaffen Jos, shugaban farko na All On da Shell ya kafa don zuba jari a wutar da ba ta dogara da babban layi, digirinsa na uku a fannin tarihi ne. Mira Mehta ta Tomato Jos a jihar Kaduna aikin lafiya ta zo yi Najeriya da ƙungiyar Clinton, a kan hanya ta ga tumatir shanye a bakin titi yana lalacewa. Sai dai ba zan ruɗe ki da su ba: shi ya bi ta McKinsey, ita ta fara a kamfanin jari na BlackRock. Duk inda mutum ya faro, sai ya ratsa ta wurin da ake koyon lissafin kasuwanci. Tambayar ita ce ko dole sai a Ingila ake koyonsa, kuma ko dole sai da kuɗin fili.

Shirun da kika ji bayan kin tura takardu yana da dalilin da ba ya da alaƙa da ke. Za ki ji ana cewa jarin wannan fanni ya haura dala tiriliyan 1.5 a duniya, alƙaluman GIIN, ƙungiyar masu zuba jari mai tasiri ta duniya, ke nan na 2024. Gaskiya ne, amma yawancin masu riƙe da kuɗin suna Amurka da Turai. Asusun da ke aiki a Najeriya ƙarami ne. Al'adar harkar ita ce masu gudanar da asusu su ɗauki kusan kashi 2 cikin 100 na jarin a kowace shekara don tafiyar da ofis. Asusu mai dala miliyan 20, irin na farko da Aruwa ta tara, yana nufin dala 400,000 a shekara. A ciki za a biya hayar ofis a Legas, lauyoyi, masu binciken kuɗi, tafiye-tafiye da albashin kowa. Mutum nawa wannan zai ɗauka? Ba su da yawa, kuma ba kowace shekara suke ɗauka ba, sai sun tara sabon asusu. Idan gurbi ɗaya ya fito, wanda zai iya buɗe Excel a ranar farko ya gina hasashen kuɗin kamfani na shekara biyar suke nema, domin ba su da lokacin koyar da kowa. Shi ya sa suke kwaso matasa daga bankuna da kamfanonin binciken kuɗi irin su KPMG da PwC. Digirin shekara ɗaya a Ingila zai sa ki a layi ɗaya da waɗannan matasa, su da gogewar shekara uku ko huɗu a aikin, ke da takarda.

Ga abin da nake so ki tsaya a kansa, domin nan ne gizo ke saƙa. A aikin da kika baro, nasara ita ce a kashe kuɗin da aka ware a kan lokaci, a kai ga adadin matan da aka yi alƙawari, a rubuta rahoto mai kyau ga mai ba da tallafi. Idan kuɗi ya rage a ƙarshen shekara, matsala ce. A wurin mai zuba jari abin ya juya. Matar da kike rubutawa a matsayin wadda ta amfana, shi a matsayin mai saye yake ganinta. Ba ya tambayar mata nawa aka raba wa iri, yana tambayar nawa ne suka dawo baɗi suka saya da kuɗinsu, nawa suka biya bashin taki bayan kaka, nawa aka kashe kafin a samo kowace ɗaya. Idan takardar tarihin aikinki cike take da "mun horar da mata dubu kaza, mun gudanar da taron bita kaza", mai karantawa zai ga mutumiyar kirki mai ƙwazo, ya ajiye. Ba don ya raina aikin ba, sai don bai ga alamar kin taɓa damuwa da ko kuɗi zai dawo ba. Kuma a wannan harka idan kuɗi bai dawo ba, amfanin talakan ma ya ƙare, domin kamfanin zai rufe.

Ki ɗauki abin da ya faru da naira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Asusun da ya sa dala miliyan 1 a wani kamfani kafin nan, naira miliyan 460 ya sa. A ce kamfanin ya yi ƙoƙari darajarsa ta ninka, ta zama naira miliyan 920. Idan aka mayar da ita dala, kusan 613,000 ce. Manoma sun amfana, ma'aikata sun ƙaru, amma wanda ya ba da amanar kuɗinsa ya yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku. Irin wannan lissafi ne ke hana mutanen da kike son shiga cikinsu barci. Ranar da kika iya zama da su kika yi wannan hira ba tare da kin ɗaga kai sama ba, kin zama tasu, ko a ina kika yi karatu.

Kada wannan ya sa ki raina abin da kike da shi. Yaron da ya taso a Ikoyi ya yi karatu a Landan zai gina miki lissafi mai kyan gani wanda ya ɗauka manomi zai biya bashi kowane wata. Ke kin san manomi a kaka yake ganin kuɗi. Kin san matar da ke kulle ba za ta fito taron da namiji ke jagoranta ba, kuma wayar da aka rubuta da sunanta tana aljihun mijinta. Kin san yadda farashi ke faɗuwa a Dawanau lokacin girbi ya tashi da bazara, da yadda dillali ke shiga tsakani, da abin da ke faruwa idan an tsallake mai unguwa. Kin iya tsara tambayoyi, ki tura masu tattara bayanai ƙauye, ki gane wanda ya zauna ƙarƙashin bishiya ya cike fom da kansa. Asusun FAFIN na kusan dala miliyan 66 da Sahel Capital ke gudanarwa ya sa jari a kamfanin madara na L&Z a nan Kano, wanda ke sayen nono a hannun Fulani makiyaya. Duk mai son sanin ko irin wannan ciniki zai ɗore, dole wani ya shiga ruga ya ji ta bakin matan da nonon yake hannunsu. Wannan ilimi ba a sayar da shi a kowace jami'a. Illarsa ɗaya: shi kaɗai ba ya sa a ɗauke ki, sai an haɗa shi da lissafi.

Saboda haka ƙofar da nake ganin ta fi kusa da ke ba ofishin asusu ba ce, kamfanonin da asusun ke sa wa kuɗi ne. Su ne ke Arewa, su ne ke ɗaukar mutane da yawa. Babban Gona, Tomato Jos, L&Z, AFEX mai rumbunan hatsi, kamfanonin sola masu kafa ƙananan tashoshin wuta a ƙauyuka, bankunan ƙananan rance. Fannin sola ma kuɗi na shigowa, domin a ƙarshen 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na faɗaɗa irin wannan wuta a Najeriya. Ki nemi aiki a irin waɗannan wurare, kuma ki nemi kujerar da ke kusa da kuɗi: kula da manoman da aka ba bashi, karɓo biya, sayen amfanin gona, haɗa rahoton da ake aika wa masu jari duk wata uku. Shekara biyu a nan za ta koya miki abin da aji ba zai koya ba, kuma masu asusun da kansu za su san ki, domin su ne za su riƙa zuwa duba jarinsu suna zama da ke. Wataƙila albashin bai kai na ƙungiyar agaji ba, wannan ki shirya masa.

Akwai kuma aikin auna tasiri, wanda ya fi kama da abin da kika saba. Ki karanta ma'aunan IRIS+ na GIIN, da ƙa'idoji takwas na IFC kan muhalli da zamantakewa, da sharuɗɗan 2X kan jarin da ya shafi mata. Duk suna intanet kyauta. Kamfanin 60 Decibels, da ya fito daga cikin Acumen a 2019, aikinsa ke nan kiran kwastomomi a waya da harshensu don a ji ko kayan da aka sayar musu ya canza wani abu, kuma mai jin Hausa da ta san aikin bincike tana da daraja a irin wannan aiki. Sai dai in gaya miki gaskiya, a yawancin asusu mutum ɗaya ne ke riƙe wannan kujera, kuma idan bai iya karanta lissafin kamfani ba, ana kiransa ne bayan an gama yanke shawara don ya rubuta rahoto. Ki shiga ta nan idan ta buɗe, amma kada ki zauna a nan.

Yanzu ga aikin da zan ba ki, kuma da gaske nake. Ki nemo wata sana'a ta gaske a cikin dangi ko unguwa, mai injin casar shinkafa a Kura, ko mai matsar man gyaɗa, ko mai kiwon kaji. Ki roƙi mai ita ya bar ki ki riƙe masa littafi na wata uku, kyauta. Idan shinkafa ce, ki gano nawa yake sayen buhun shanshera, nawa ke fitowa bayan casa (galibi kashi 60 zuwa 65 cikin 100 ne), nawa gas ke ci, nawa ɓuntu da tsaki ke kawowa, kwana nawa kuɗinsa ke kwana a hannun 'yan kasuwar da suka ɗauki kaya bashi. Za ki tarar kuɗin cefane da na injin a aljihu ɗaya suke, raba su shi ne rabin aikin. Daga nan ki rubuta shafi huɗu kamar kina gaban kwamitin zuba jari: idan aka ba shi naira miliyan 50, me zai yi da su, yaushe za su dawo, me zai iya kashe kasuwar, manoma nawa za su samu ƙarin ciniki, kuma ke kina ba da shawarar a ba shi ko a hana. Idan amsarki a hana ce, ki rubuta haka da hujja, ya fi burgewa. Wannan takarda ita za ki riƙa haɗawa da neman aikinki. Kuma ita ce za ta gaya miki ko kina son harkar da gaske. Wasu sai sun kwana uku suna neman inda naira dubu 40 ta ɓace a lissafi suke gane cewa labarin harkar suke so, ba ita kanta ba. Gara ki gano haka da filinki a hannu.

Karatu kuwa, ki yi, amma mai arha tukuna. Ki fara da ilimin akanta na asali da Excel har ki iya karanta rahoton kuɗin kamfani. Jarrabawar ICAN ta ƙwararrun akantoci da naira ake biya, kina gida. Jarrabawar CFA ta masu nazarin jari ta fi suna a wurin masu jari, matakai uku ce, kowanne yana cin kusan dala 1,000 ko fiye, kuma ko matakin farko kika ci ya isa ya nuna kin tsallako daga wancan ɓangaren. Jami'ar Bayero tana da makarantar kasuwanci ta Dangote a nan kusa da ke. Digirin Ingila kuma, kuɗin makaranta kawai ga ɗalibin waje yakan haura fam 20,000, ban da haya da abinci, kuma tun Janairun 2024 masu digiri na biyu na aji ba a ba su damar tafiya da iyali. Wato ki bar yara shekara guda, ki dawo ba fili, ba tabbacin aiki. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada, ke kuwa har yanzu ba ki ga kasuwar tokar ba. Idan bayan shekara biyu kin ga digirin ne kaɗai ya rage tsakaninki da kujerar da kike so, ki nemi tallafin karatu na Chevening ko na Commonwealth. A lokacin labarinki zai fi ƙarfi, kuma wasu ne za su biya.

Maganar kuɗin ruwa ba ƙaramar magana ba ce, kuma na ji daɗi da kika kawo ta tun yanzu. Asusu iri-iri ne. Wasu hannun jari suke saya a kamfani, a ci riba tare a yi asara tare, wanda ya fi kusa da musharaka. Wasu bashi suke bayarwa da ruwa, wasu suna cakuɗa biyun a ciniki ɗaya. Ki tambaya kai tsaye a wurin intabiyu wane irin jari suke sawa, ba abin kunya ba ne, alama ce ta kin san harkar. Sannan ki kai bayanin aikin dalla-dalla ga malamin da ya san fiƙihun mu'amala ya ba ki fatawa, ni ba malama ba ce. Akwai kuma fage sukutum da aka gina don kauce wa ruwan. Hajara Adeola ta kafa Lotus Capital a 2004 bayan ta yi aiki a kamfanin jari na ARM da bankin UBS. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, takardun jari marasa ruwa, na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Bayero tana da cibiya ta musamman kan bankin Musulunci. Mace da ta san cinikin salam (biya kafin a kawo kaya) da murabaha (sayarwa da ribar da aka bayyana), ta san ƙauye, ta iya lissafi, ba ta da abokan gasa da yawa, domin akwai manoma da 'yan kasuwa a Arewa da ke gudun rance saboda ruwan da ke kai, kuma masu jari daga waje sun daɗe suna rasa yadda za su yi da su.

Sai maigida. "Shawara tana hannunki" magana ce mai daɗi, amma ki zauna da shi ki ji iyakarta. Ofisoshin asusu kusan duk a Legas suke, wasu a Nairobi, 'yan kaɗan a Abuja, inda NSIA, hukumar jarin gwamnati, da Bankin Raya Ƙasa na Najeriya suke. Aikin kamfanin noma kuma yana nufin kwana a Zariya ko Saminaka lokacin rabon taki da lokacin girbi. Ki tambaye shi a fili ko ya amince da tafiyar kwana uku a mako, wa zai riƙe yara, kuma idan aikin Legas ya fito nan da shekara uku me za a yi. Amsarsa ce za ta nuna miki wace ƙofa za ki ƙwanƙwasa. Hajiya kuma ki je ki same ta, ki ce kin ji maganarta, filin yana nan. Ki nemi addu'arta a kan jarrabawar da za ki zauna, ki tambaye ta ko a dangi akwai mai injin da zai bar ki ki duba masa littafi. Ina zaton ta fi ki sanin wanda zai yarda.